Me ke faruwa da ƙwayar maleriya bayan sauro ya zuƙe ta?

Ɗan Gumel

Assalamu alaikum. Malamai, akwai abin da ya tsaya mini a rai. A darasin lafiyar al'umma abin da ake faɗa shi ne sauro ya ciji mai zazzaɓi, ya kwashi cutar, ya kai wa mai lafiya, sai a wuce gaba. To amma jinin da sauro ya sha ai abinci ne, narkar da shi yake yi. Me ya hana ƙwayar cutar narkewa tare da jinin? Na biyu, idan sauro ya ciji yaro mai zazzaɓi da ƙarfe goma na dare, da goma da rabi ya ciji ƙaninsa da ke kwance a gefensa, ƙanin ya kamu ke nan? Na uku, da rani a nan wajenmu sauro kan ɗauke ɗif na tsawon watanni, amma damina na kankama sai zazzaɓi ya dawo. A ina cutar ke ɓuya? A ƙwan sauro ne?

Mai Fiɗar Sauro

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bari in fara da ta biyu tunda amsarta gajeriya ce. A'a, ƙanin bai kamu ba, muddin a daren ne sauron ya fara haɗuwa da cutar. Sauro ba sirinji ba ne. Bakin macen sauro hanya biyu gare shi: ta ɗaya take zuƙo jini, ta ɗayar take zuba miyau a fata don kada jinin ya daskare. Ta miyau kaɗai cutar ke shiga mutum daga sauro, kuma kafin ta taso daga tumbin sauro ta isa jakar miyau sai ta kwashe kwana 10 zuwa 14 a irin ɗumin damina. Duk wanda ta ciza a wannan tsakanin bai ɗauki komai ba.

Ta farko kuwa, da gaskiyarka, yawancin abin da ta zuƙa narkewa yake yi. Ƙwayoyin da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini duk bayan awa 48, masu kawo zafin jiki da rawar sanyi, a tumbin sauro suke mutuwa. Masu tsira wani rukuni ne daban, ƙwayoyin iri, maza da mata, waɗanda ake kira gametosait. Su ba sa sa mutum ciwo ko kaɗan. A Plasmodium falciparum (falsifarum), nau'in ƙwayar maleriyar da ya fi addabar mu, ƙwayoyin irin nan a cikin ɓargo suke girma na kwana 10 zuwa 12, sai sun ƙosa sannan su fito cikin jini da siffar ayaba, suna yawo suna jiran sauro. Mata sun fi yawa, kusan uku ko huɗu ga kowane namiji. Macen Anofilis, sauron da ke yaɗa maleriya, takan sha jini kamar maikirolita 2 zuwa 3, ɗigon da ido da ƙyar yake gani, kuma dole a cikin wannan ɗigon a samu aƙalla namiji ɗaya da mace ɗaya, in ba haka ba maganar ta mutu tun a nan.

Da jinin ya sauka tumbi, abu uku ke tashe su. Zafi ya ragu da digiri 5 ko fiye daga 37 na jikin mutum. Jinin ya karkata wajen kanwa-kanwa, ma'aunin pH ya hau daga 7.4 zuwa wajen 8. Sai wani sinadari na jikin sauro mai suna zanturenik, wanda ke samuwa yayin da sauro ke haɗa launin idonsa. A 1998 aka tabbatar da rawar da yake takawa. Cikin 'yan mintuna kowace ƙwaya ta fasa jar ƙwayar jinin da take ciki ta fito. Namijin shi ne abin kallo: cikin minti 10 zuwa 15 yakan ninka ƙwayoyin gadonsa sau uku, ya fitar da zare takwas masu wutsil-wutsil, kowanne ya kama gabansa neman mace. Wannan motsin ne likitan Faransa Laveran ya gani a jinin wani soja a Aljeriya a 1880 ya gane cewa halitta ce mai rai ke jawo zazzaɓin, domin jinin da ya huce a kan gilashi yakan ruɗi ƙwayar ta ɗauka ta shiga sauro.

Cikin awa guda barbara ta auku. Ka riƙe wannan: a duk rayuwar ƙwayar maleriya nan ne kaɗai namiji da mace ke haɗuwa. Idan sauro ya sha jinin mutumin da ke ɗauke da dangi biyu ko uku na cutar, abin da ya zama ruwan dare a ƙasarmu, a nan ake cakuɗa gado. Dangin da ya bijire wa wani magani zai iya haɗuwa da wanda ya bijire wa wani, su haifar da mai ɗauke da duka biyun.

Abin da aka samu daga barbarar da farko dunƙulalle ne, ba ya motsi. Cikin awa 18 zuwa 24 sai ya miƙe ya zama doguwar halitta mai rarrafe, ukinet. A nan ne amsar tambayarka take: ba jure narkewa yake yi ba, gudu yake yi. Sauro na zubo sinadaran narkar da abinci, yana kuma naɗe ƙullin jinin da wata tantani mai kaitin, sinadarin ɓawon jikin ƙwari. Ukinet na da sinadarin da ke huda tantanin, ya ratsa ta cikin ƙwayoyin bangon tumbi, ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya lafe a ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe tumbin daga waje. Wanda ya makara a cikin jinin ya halaka.

A wannan maɓoya yakan dunƙule ya zama ƙullutu, usis. Yana farawa ƙarami ƙwarai, ya yi ta tsotsar kitse da sukari daga ruwan jikin sauro, har ya kai maikiron 50 ko fiye, wato milimita ɗaya a raba gida ashirin. A ciki cibiyarsa na ta rarrabuwa. Daga kwana na 9 ko 10 ƙullutun ya fashe, dubban 'yan siraran halittu su tarwatse cikin ruwan jikin sauro. Su ne siporozait. Ruwan ya kwashe su ko'ina, har ƙafafu da fukafukai, amma jakunkunan miyau kaɗai suke iya kutsawa, kuma waɗanda ke isa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Daga ranar macen nan mai cuta ce har ta mutu. A cizo guda ba duka take zubarwa ba, gommai ne zuwa 'yan ɗaruruwa, ɗaya kuwa ya isa hanta ya wadatar.

Waɗannan ƙullutai ne likitan Birtaniya Ronald Ross ya gani a bangon tumbin sauro a Sikandarabad ta Indiya ranar 20 ga Agusta, 1897, abin da ya sa ake ranar sauro ta duniya a wannan rana. Sauran zagayen a tsuntsaye ya kammala shi. Su Grassi a Italiya ne suka tabbatar da shi a mutum da Anofilis a 1898. Sauron kwata da lambatu, Kyuleks, mai kukan nan a kunne, yana ɗaukar maleriyar tsuntsaye amma tamu ba ta rayuwa a cikinsa.

Malama Mai Lissafi

Sannu da ƙoƙari, Malam. Ni kan kwana 10 zuwa 14 ɗin nan zan tsaya, domin a ganina duk wanda bai fahimce su ba bai fahimci dalilin gidan sauro mai magani ba.

Sauro ba ya ɗumama jikinsa, zafin ɗakin da yake shi ne zafin jikinsa, saboda haka girman ƙullutu ya rataya ga yanayi. Akwai tsohon lissafi na Detinova ta Tarayyar Sobiyet wanda har yau ake koyarwa: ka cire 16 daga matsakaicin zafin yini, ka raba 111 da abin da ya rage. A digiri 27 ka samu kwana 10. A digiri 22, kwana 18 da ɗoriya. A digiri 20, kusan kwana 28. Daga 16 zuwa ƙasa girma ya tsaya. Da sauron Turai aka gina lissafin, kuma sababbin gwaje-gwaje sun nuna ba daidai yake cif ba, musamman a ɓangaren sanyi, amma ya isa ya nuna maka fasalin abin. Zafi ma yana da iyaka. Idan ya haura 30, musamman a ranar farko da ta biyu lokacin barbara da rarrafe, ƙwayoyi da yawa ba sa kai labari, sauron kansa kuma rayuwarsa ta gajarce. Yaɗuwar cutar ta fi ƙarfi a wajen digiri 25 zuwa 27 tare da laima. Hunturu ya yi sanyi da bushewa, bazarar Sakkwato da Maiduguri ta yi zafi, Agusta da Satumba kuwa sun zo daidai. Kuma zafin cikin ɗaki ake dubawa, ba na tashar yanayi ba. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yana riƙe ɗumi da dare, yana sanyi da rana, shi ya sa sauro ke samun mafaka a ciki.

Yanzu ka dubi ɗaya gefen. Macen Anofilis a daji ba ta da tsawon rai. Kullum wasu na mutuwa, ta hannun gizo-gizo, tsaka, tafin mutum, ko bushewa. A ce cikin kowane 100, 90 ne ke ganin gobe. Bayan kwana 12 saura 28. Idan 80 ne ke ganin gobe, saura 7. Idan 70 ne, saura ɗaya tak. Ka ga ɗan ragin da aka yi wa rayuwar yau da kullum ya ninka kansa sau goma sha biyu. Wannan shi ne abin da George Macdonald ya fitar a lissafinsa na shekarun 1950, kuma a kansa aka gina feshin bango. Macen na komawa shan jini duk kwana 2 ko 3, ta sha, ta huta a bango, ta je ta zuba ƙwai, ta dawo. Kafin cutar ta isa miyau sai ta shiga ɗaki sau huɗu ko biyar, kowace shiga kuma dama ce ta taka magani. Ba a buƙatar kashe sauro duka, a hana shi tsufa kawai. Shi ya sa ko a tsakiyar damina, idan aka kama sauro aka gwada, masu siporozait a miyau yawanci ba sa wuce 1 zuwa 5 cikin 100.

Sai dai lissafin yana da rami, kuma a ƙasarmu aka fi ganinsa. Aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a gundumar Garki, yanzu cikin jihar Jigawa, ya fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna da kyau. Ƙarfin yaɗa cutar ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da falsifarum a jini bai ragu ba sai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili biyu ne. Cizon ya yi yawa tun asali, har ragowar kashi 10 ta isa ta riƙe cutar. Sannan wani ɓangare na sauron ba ya hutawa a ɗaki. Ya ciji mutum ya fice waje, bai taɓa bango ba, ya tsufa lafiya lau. Da aka haɗa da raba magani ga kowa cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo.

Ɗan Gumel

Allah ya ƙara ilimi, Malam da Malama. To wani abu kuma: halitta ta huda wa sauro tumbi, ta zauna a jikinsa tana cin abincinsa, shi ba shi da garkuwar jiki ne? Ko shi ma yana ciwo? Kuma ina jiran ta ranin.

Baban Ƙwari

Ɗana, yana da garkuwa, mai ƙarfi ma. Ba irin tamu ba ce mai tuna cuta shekara da shekaru, amma tana kisa. Idan ka bi adadi za ka gani: ƙwayoyin iri na iya shiga da ɗaruruwa ko dubbai, ukinet su zama 'yan gommai, ƙullutan da suka tsira a sauron da aka kamo a gida galibi ba sa wuce biyar, sau da yawa ɗaya ne ko biyu. Babu inda ƙwayar maleriya ke raguwa haka a duk zagayenta.

Ga yadda kisan yake. Ƙwayar bangon tumbin da ukinet ya huda takan fitar da sinadarai masu guba, dangin naitirik, waɗanda ke yi wa baƙon tambari. Yana ɓullowa ta bayan tumbi sai wani furotin da ke yawo a ruwan jikin sauro, TEP1, tare da abokan aikinsa biyu, LRIM1 da APL1C, ya manne masa ya fasa shi. Wani lokaci kuma a lulluɓe shi da baƙin launi ya ƙandare. Mai fiɗa zai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a bangon tumbi. Akwai dangin sauro da aka tace a ɗakin gwaji waɗanda kusan duk ukinet ɗin da ya shigo suke yi wa haka.

To me ya sa falsifarum ke wucewa? A 2013 aka gano cewa yana sanye da wani furotin a fatarsa, Pfs47, wanda ke hana a yi masa tambarin. Kuma nau'in furotin ɗin ya bambanta daga nahiya zuwa nahiya: falsifarum na Afirka ya fi dacewa da sauron Afirka, na Kudancin Amurka da sauron can. Idan aka cire masa wannan furotin, gambiae, wato Anofilis ɗin Afirka, na hallaka yawancinsa.

Akwai kuma bakteriyar tumbi. Bayan shan jini takan ninku sosai cikin kwana guda, daidai lokacin da ukinet ke neman hanya, ta tayar da garkuwar sauro, wasu ma su kashe ƙwayar kai tsaye. Idan aka ba sauro maganin kashe bakteriya a ruwan sukari, ƙullutai sukan ƙaru. Masu bincike suna bin wannan hanya. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta ba da rahoto a 2020 kan wata halitta, Microsporidia MB, da ke zaune a jikin Anopheles arabiensis tana hana cutar kama shi, kuma ita uwa na gadar wa 'ya'yanta. A 2023 aka wallafa labarin bakteriyar Delftia wadda ke fitar da sinadarin harman mai tsayar da cutar tun a tumbi, har an gwada ta a keɓaɓɓen fili a Burkina Faso. Duk waɗannan suna matakin gwaji, kada wani ya ce maka sun iso kasuwa.

Batun ciwo kuwa, idan sauro da cutar 'yan asalin wuri ɗaya ne, illar kaɗan ce. Cutar da ta kashe sauronta kafin kwana 12 ta kashe kanta. Bangon tumbi na tofar da ƙwayar da aka huda ya rufe gurbin. Ƙullutu kuma bai cika takara da ƙwai ba. Rarar kitsen da macen ta tara yake ci, shi ya sa idan ta sake shan jini a kwana na uku ƙullutan ke saurin girma, siporozait su riga lokaci isa miyau. Malama, wannan ma wani rami ne a lissafin Detinova, domin sauron gida ba sau ɗaya yake sha ba kamar na keji. Inda cutar ke taɓa shi a fili shi ne wajen cizo: idan siporozait suka cika jakar miyau, sinadarin hana daskarewar jini na raguwa, sai macen ta yi ta soka baki tana sakewa, wani lokaci ta ciji mutum biyu a dare ɗaya. Ga sauron da ya riga ya zama mai cuta, misalin yaro da ƙaninsa yana aiki, duka biyun za su iya kamuwa daga gare shi.

Anti Nas

Ƙanina, ta ranin ba a ƙwai take ba. Ƙwayar maleriya ba ta shiga ƙwan sauro. Kowane sauro yana fitowa daga ruwa da tsarkinsa, sai ya sha jinin mutum yake kamuwa. Rumbun cutar da rani mu ne. Mutane da yawa, manya da yaran makaranta, suna ɗauke da ita a jini 'yar kaɗan, ba zazzaɓi ba ciwon kai, wata shida ko fiye. Binciken da aka yi a Mali ya nuna da rani jajayen ƙwayoyin da suka kamu ba sa manne wa jijiyoyi sosai, sai su daɗe suna yawo, saifa ta riƙa tace yawancinsu. Adadin bai kai ya kwantar da mutum ba, bai kuma ƙare ba, kuma yana ta fitar da ƙwayoyin iri kaɗan-kaɗan. Sauron farkon damina a nan yake samu. Gwajin ba sauro jini a Burkina Faso da Yuganda ya nuna yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ne ke ba da kaso mafi girma, su kuwa ba su ne aka fi sa wa gidan sauro ba.

Shi sauron, a Mali an taɓa shafa wa mata launi a ƙarshen damina, aka sake kama ɗaya da rai bayan wata bakwai, nau'in Anofilis mai suna coluzzii, alamar wasu na laɓewa su kwana rani. An kuma kama wasu a sama, mita 40 zuwa 290, iska na tafe da su. Inda akwai noman rani, madatsar ruwa ko fadama, ba ma ya ɗaukewa gaba ɗaya.

Ka haɗa kwanakin ka ga dalilin da asibiti bai cika cika a Yuni ba sai Agusta zuwa Oktoba. Kwana 12 a sauro, kamar mako guda a hanta, 'yan kwanaki a jini kafin zazzaɓi, kwana 10 zuwa 12 kafin ƙwayoyin iri su ƙosa. Zagaye ɗaya ya kusa mako biyar, kuma sai an yi zagaye biyu ko uku abin ke tumbatsa.

Wannan ya shafi magani. Haɗin atimisinin da ake bayarwa yana kashe masu sa ciwo da ƙwayoyin iri ƙanana, amma waɗanda suka riga suka ƙosa ba lallai ba ne. Mutum ya warke sarai, ya ci gaba da ba sauro cutar na wasu kwanaki, da wasu haɗe-haɗen ma har makonni. Atimita-lumefantirin ya fi sauran saurin yanke wannan. Saboda haka wanda ya tashi daga zazzaɓi shi ya fi cancanta da kwana a gidan sauro, ba don kansa kaɗai ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙara maganin firimakwin sau ɗaya, miligiram 0.25 ga kowane kilo na nauyi, don kashe ƙosassun, amma a wuraren da cutar ta yi ƙasa ake nufi, kuma ban da masu ciki da jarirai. Kada kowa ya saya ya sha da kansa. Yana fasa jinin masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, idan aka wuce ƙima, kuma muna da su da yawa. Rigakafin R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 siporozait yake tarewa kafin hanta. Akwai wani iri daban da ake gwadawa a Mali, Pfs230, wanda garkuwar da ya haifar ke bin jini zuwa tumbin sauro ta hana barbara a can.

Mai Fiɗar Sauro

Tunda kai ɗalibi ne, wataƙila a kai ka ɗakin gwaji, ga yadda ake ganin abin da ido.

Don ƙullutai, kwana na 7 ko 8 bayan shan jini ake fiɗa. Kafin nan sun yi ƙanana, bayan kwana 10 sun fara fashewa ƙidaya ta ɓaci. A sumar da sauron da sanyi, a cire ƙafafu da fukafukai, a ɗora a gilashi cikin ɗigon ruwan gishiri na gwaji. Allura ɗaya ta danne ƙirji, ɗayar ta ɗan tsaga gaɓa ta biyu daga ƙarshen ciki, a ja a hankali. Tumbin zai biyo tare da jakar ƙwai da wasu zarurruka biyar. A yanke su a bar tumbin. A ɗiga makurokurom, jan maganin nan, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ko ƙasa, a jira 'yan mintuna, a rufe da siririn gilashi, a duba da madubin 10 sannan na 40. Sabon shiga yakan ƙirga ɗigon kitse a matsayin ƙullutu. Bambancin shi ne ƙullutu na da bango zagayayye sarai, da 'yan baƙaƙen tsaba a ciki, ragowar jinin da ƙwayar ta ci. Idan tumbin na da sauran jini ba za ka ga komai ba, shi ya sa sauron da aka kamo a gida ake ajiye shi kwanaki kafin fiɗa.

Don siporozait, kwana na 14. A danne ƙirji, a ja kai a hankali, jakunkunan miyau biyu su fito, kowace da reshe uku. A danna gilashin rufi kaɗan su fashe, a rage hasken madubi, za ka ga siraran abubuwa masu ɗan lanƙwasa. Kada gilashin ya bushe, minti kaɗan ya isa ya lalata aikin. Idan da gwajin ELISA za a yi, wato na neman furotin ɗin siporozait, a raba kai da ƙirji daga ciki tukuna, domin ƙullutun da ya kusa fashewa ma yana ɗauke da furotin ɗin da ake nema, sai a ƙirga sauron da bai kai ga yaɗawa ba. Sauron da ya sha jinin shanu kuma yakan ba da sakamakon ƙarya. A tafasa samfurin minti 10 a sake gwadawa, na gaskiya ba ya gushewa.

Idan kuwa ku za ku ba sauro jinin ta tantanin roba, mata 'yan kwana 3 zuwa 5 ake so, a janye musu ruwan sukari wasu awanni kafin lokacin, a ajiye su a digiri 26 zuwa 27 da laima kashi 70 zuwa 80. Waɗanda ba su ƙoshi ba a fitar da su, in ba haka ba za su rage maka kaso a ƙarshe. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne tsakanin hannun mai ba da jini da kwanon shayarwa. Bututu, sirinji, kwano, duk su kasance a digiri 37 kafin jinin ya taɓa su, kuma a shayar nan take. Jinin ya huce ko na 'yan mintuna, mazan za su saki zarensu a cikin bututu, bayan mako guda ka fiɗe sauro hamsin ba ƙullutu ko ɗaya, ka rubuta cewa mutumin ba ya yaɗa cuta alhali yana yaɗawa.